Bauca Biyu, Unguwa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan ya san bauca. Ita ce takardar nan da akawu kan cike, ta bi tebur-tebur ana sa mata hannu, har ta isa ga mai biyan kuɗi, in Allah ya sa ba ta yi ɓatan dabo a hanya ba. Mu a wurinmu ba ta wuce takardar ofis ba, ba kuwa wanda zai ɓata da abokinsa a kanta. To, amma a Amurka wannan kalma ta zama abin faɗa. An kwashe kimanin shekara 70 ana ja-in-ja a kanta a majalisu da kotuna, wasu sun ci zaɓe da ita, wasu kuma ta kayar da su.

Bauca iri biyu ake rigima a kansu. Ta farko ta makaranta ce. Maimakon gwamnati ta ce ga makarantar da na gina, kai ɗanka can, sai ta ɗauki kuɗin da za ta kashe wa yaron, ko wani ɓangare nasa, ta rubuta a takarda ta miƙa wa iyaye, su kai shi inda suka ga dama, ko da makarantar kuɗi ce. Ta biyu ta haya ce. Maimakon gwamnati ta gina gidaje ta zuba talakawa a ciki, sai ta ba magidanci takarda ya shiga gari ya nemi gida, ya riƙa biyan kimanin kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, ita kuma ta cika wa mai gidan sauran. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin tunanin da ya haife su shi ne a ba mabukaci kuɗi a hannu ya zaɓa da kansa. Abin mamakin shi ne, sau da yawa mutumin da ke rantsuwa da ta farko shi ne ke toshe hanci in an ambaci ta biyu. 'Yan jam'iyyar Republican galibi su ne masu tallan baucar makaranta, amma ba su cika son a ƙara kuɗin ta haya ba. 'Yan Democrat kuwa suna kare ta haya, amma su da ƙungiyoyin malamai ba su ƙi a ce baucar makaranta ta mutu ba. Na daɗe ina bin wannan gardama a cikin littattafai da jaridu, abin da kuma na lura da shi shi ne, rigima ce guda ɗaya aka raba ta gida biyu, kowa ya ɗauki rabin da ba zai taɓa ƙofar gidansa ba.

Kafin mai karatu ya ga dalilina, sai ya san wani abu game da makarantun gwamnati na Amurka wanda ya sha bamban da namu. A can, adireshi shi ke zaɓa wa yaro makaranta. An yanka ƙasar zuwa gundumomin ilimi kimanin 13,000, kowace da iyakarta, yaro kuma yakan je makarantar unguwar da yake kwana. Abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa na kuɗin tafiyar da makarantu bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa, kason ƙananan hukumomin kuwa yawancinsa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Ke nan, unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta na da kuɗi, makaranta mai kyau kuma ƙara wa gidajen tsada take yi. Wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa ya sayi kujerar aji tare da shi, ko da ba a rubuta haka a takardar ciniki ba.

An kai ƙarar wannan tsari. Wasu iyaye 'yan asalin Meziko daga wata unguwar talakawa ta birnin San Antonio a jihar Teksas suka kai kuka, maganar ta je har Kotun Ƙoli, a 1973 alƙalai biyar daga cikin tara suka ce tsarin bai saɓa wa kundin mulkin ƙasa ba. A 1974 kotun ta sake yanke hukunci, nan ma biyar da huɗu, a kan birnin Detroit, cewa ba za a tilasta wa gundumomin bayan gari su karɓi yaran cikin birni don a gauraya fari da baƙi ba, sai in an tabbatar su ma suna da hannu a wariyar. Tun daga nan iyakar gunduma ta zama katanga. A garin Akron na jihar Ohayo, wata mata baƙar fata da ke zaune a gidajen gwamnati ta rubuta adireshin mahaifinta, wanda ke gundumar da ke maƙwabtaka da tasu, don 'ya'yanta mata biyu su shiga makarantar can. Hukumar makarantun ta ɗauki hayar mai bin diddigi ya bi ta, aka kai ta kotu, a 2011 ta kwana tara a kurkuku. Mu da muka saba ganin ɗan ƙane da ɗan wa da ɗan abokin uba suna zaune gida ɗaya don karatu, sai mu ji abin bambaraƙwai, wai satar makaranta.

Ni dai malamin adabi ne, saboda haka ta ƙofar adabi na shigo wannan magana. A darasin nazarin wasan kwaikwayo nakan sa ɗalibai su karanta wasan Lorraine Hansberry mai suna A Raisin in the Sun, wanda aka fara nunawa a 1959, don su kwatanta shi da namu wasannin na Hausa. Labarin wani iyali ne baƙar fata a kudancin Shikago, mutum biyar a ɗan matsattsen gidan haya, banɗaki ma da maƙwabta suke tarayya, ƙaramin yaron gidan kuma a kan kujerar falo yake kwana. Maigida ya rasu, kamfanin inshora zai biya dala 10,000. Ɗan gidan yana son ya zuba kuɗin a shagon giya, 'yar gidan tana son ta karanta aikin likita, uwar kuwa gida take so. Ba ta shawarci kowa ba ta je ta ba da kafin alƙalami na dala 3,500 a kan wani gida a unguwar Turawa zalla, domin a can ta sami mai kyau da araha. Sauran ta danƙa wa ɗan, da sharaɗin ya ajiye 3,000 don karatun ƙanwarsa, shi kuwa ya miƙa duka ga wani abokin ciniki da ya gudu da su. (Akwai ma wani ɗalibi Bayarabe daga Nijeriya a cikin wasan, mai neman 'yar gidan, ɗalibaina kuma ba sa gajiya da yi masa ba'a a kan yawan wa'azinsa.)

Kowace shekara ajin yakan rabu. Ɗalibai mata, da mazan da suka taso a gidajen ma'aikata, sukan ce uwar ta yi garaje, da ta fara ware kuɗin karatun, domin likita ɗaya a gida zai sayi gidaje goma. Waɗanda suka taso a Sabo ko Agege, inda iyali guda ke cikin ɗaki ciki da falo, ba sa ko tsayawa gardama. Wani dattijon ɗalibi, malamin firamare da ya zo ƙaro ilimi, ya taɓa gaya wa ajin cewa shi a shekarunsa na koyarwa bai taɓa ganin yaron da ya kwana a kan benci, rediyon maƙwabci na kansa har tsakar dare, ya zo aji da safe ya fahimci lissafi ba. Wata ɗaliba ta mayar masa da cewa ita a kan bencin ta kwana, ga ta kuma a jami'a, abin da ya fitar da ita makaranta ce ta gari da wani kawunta ya biya. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Gardamar da ake yi a majalisun Amurka ke nan, sai dai su a can an sa mata lambobi da sunayen dokoki.

Masanin tattalin arzikin nan na Jami'ar Shikago, Milton Friedman, shi ya fito da tunanin baucar makaranta a wata maƙala ta 1955. Hujjarsa ita ce, wajibi ne gwamnati ta biya kuɗin ilimin yara, amma ba wajibi ba ne ta zama ita ce mai makarantar. In iyaye na iya ɗauke yaro su tafi da kuɗinsa, makarantar banza za ta gyara ko ta rufe, kamar yadda mai tuwon da ba ta iya miya ba ke rasa masu saye. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai waɗanda suka fara aiki da ita ba don talaka suka yi ba. Shekara guda kafin maƙalar, wato 1954, Kotun Ƙoli ta haramta ware makarantun fari da na baƙi, wasu jihohin kudu kuwa suka ga mafita a cikin tallafin kuɗin makaranta. Ƙaramar hukumar Prince Edward a jihar Bajiniya ta rufe makarantun gwamnati ƙaf daga 1959 zuwa 1964, 'ya'yan Turawa suka koma makarantar kuɗi, aka kuma taimaka musu da kuɗin hukuma, yaran baƙar fata da yawa suka zauna a gida shekara biyar. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ga laifin dattijon da ke jin ƙyamar kalmar bauca har yau ba.

Duk da haka, wadda ta farfaɗo da ita a zamanin nan baƙar fata ce, 'yar Democrat kuma. Polly Williams, 'yar majalisar jihar Wisconsin, ta gaji da ganin ana kwasar yaran unguwarsu a bas ana kai su nesa da sunan gauraya, makarantun unguwar kuma na lalacewa. Ta haɗa kai da gwamna Tommy Thompson na Republican, a 1990 aka soma shirin birnin Milwaukee, da yara 'yan ƙasa da 400, kowanne da baucar kusan dala 2,500, 'ya'yan talakawa zalla. Cleveland ta biyo baya, a can kuwa kashi 96 cikin 100 na yaran makarantun addini suka shiga, abin da ya sa aka kai ƙara cewa gwamnati na ciyar da coci. A 2002 Kotun Ƙoli ta ce ba laifi, tunda iyaye ne suka zaɓa. To, shin yaran sun fi ƙoƙari? Binciken da aka yi ya zo a gauraye. A wasu wurare an ga ƙarin masu kammala sakandare, a jihar Luwiziyana kuwa, bayan faɗaɗa shirin a 2012, makin lissafi na yaran da suka sami baucar faɗuwa ya yi, domin makarantun da suka buɗe musu ƙofa yawanci waɗanda ke neman ɗalibai ido rufe ne. Daga baya abin ya canza fuska. A 2022 jihar Arizona ta buɗe shirinta ga kowa da kowa, mai kuɗi da talaka, akasarin waɗanda suka fara nema kuwa dama 'ya'yansu ba sa makarantar gwamnati. Ita kanta Polly Williams, kafin rasuwarta a 2014, ta juya wa irin wannan faɗaɗawa baya.

Labarin gidaje ya bi wata hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta yi ta gina dogayen benaye don talakawa. Wanda ya fi suna shi ne Pruitt-Igoe a birnin St. Louis, benaye 33, kowanne hawa 11, da aka buɗe a tsakiyar shekarun 1950. An ba da kuɗin gini, ba a tanadi na gyara ba, lif ya mutu, famfo ya fashe, masu ɗan hali suka gudu, ɓarayi suka shigo. A 1972 aka fara rushe shi da nakiya, duniya na kallo a talabijin. Shekara biyu bayan haka aka yi dokar da ta kawo tallafin haya, wanda kowa a can ke kira da Sashe na 8, gwamnatin Republican ce kuma ta sa mata hannu. Iyalai fiye da miliyan biyu ke cin moriyarsa. Amma ba haƙƙi ba ne da kowane talaka ke samu. Cikin iyalai huɗu da suka cancanci taimakon haya daga gwamnatin tarayya, kusan ɗaya ne kawai ke samu, sauran suna layi, wani layin kuma shekaru ake yi a cikinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da aka yi don a ga ko sauya unguwa na sauya yaro. A Shikago, sakamakon wata ƙara da mazauna gidajen gwamnati suka kai a 1966, an kwashe iyalai fiye da 7,000 tsakanin 1976 da 1998 zuwa wasu unguwanni, da yawa a bayan gari cikin Turawa. Wannan ya sa a 1994 gwamnati ta shirya gwaji a birane biyar, da iyalai kimanin 4,600, aka yi ƙuri'a, wasu aka ba su bauca da sharaɗin su koma unguwar da talauci bai yi katutu ba. Sakamakon farko ya kashe wa masu shirin jiki. Iyaye mata sun sami kwanciyar hankali da ƙarin lafiya, amma albashinsu bai ƙaru ba, makin yara ma bai motsa sosai ba. Aka ce an yi asara. Sai da yaran suka girma, Raj Chetty da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka bi takardun harajinsu, suka buga abin da suka gano a 2016: waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 13 suna samun kuɗi fiye da takwarorinsu da kimanin kashi 31 cikin 100, sun kuma fi shiga jami'a. Waɗanda aka ɗauke da girmansu ba su amfana ba. Zama da maɗaukin kanwa dai, Bahaushe ya riga ya faɗa, amma ga shi an auna shi da sikeli, an kuma gano cewa tun da ƙuruciya kan ke fari.

In da za a tsare ni a ce sai na zaɓa, to, ina bayan uwar nan ta cikin wasa. Makaranta na riƙe yaro awa shida ko bakwai, sauran yinin da daren na unguwa ne, a Amurka kuma in ka ba iyali gida a unguwa ta gari ka ba su makarantar a kyauta. Amma ba zan iya ɗaga murya a kan matar Milwaukee da ta karɓi baucar makaranta ba. Masu adawa sukan ce a bar kuɗin a gyara makarantar gwamnati don kowa ya amfana, gaskiya ne kuma kowane yaro da ya fita da kuɗinsa yakan bar na baya cikin ƙarin rashi, tunda albashin malami da kuɗin wuta ba sa raguwa don kujera ɗaya ta zama wayam. Sai dai ɗanta yana aji biyu bana, gyaran kuma ana ta alkawarinsa tun tana aji biyu ita ma. Mafi yawan masu ba ta haƙuri sun riga sun zaɓa wa nasu 'ya'yan makaranta ranar da suka sayi gida.

A nan ne gwano ba ya jin warin jikinsa. Tallafin gida a Amurka ba na talaka kaɗai ba ne. Wanda ya ci bashin banki ya sayi gida, doka ta ba shi damar cire ruwan bashin daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai, gwargwadon tsadar gidan gwargwadon rangwamen. Hukumar da aka kafa a 1934 don tsaya wa masu bashin gida ita ta gina unguwannin bayan gari, ta kuma yi shekaru tana ƙin tsaya wa unguwannin baƙar fata. Ba wanda ke kiran wannan sadaka, ba layi, ba mai zuwa duba ɗakin kwananka. Kada kuma mu yi dariya da yawa. Ni da nake wannan rubutu a gidan jami'a nake zaune, abin da ake yanka a albashina na haya ba zai kama mini rabin irinsa a cikin gari ba, 'ya'yana kuma a ƙafa suke zuwa makarantar 'ya'yan ma'aikata. Bauca biyu ke nan a aljihuna, ba wadda aka rubuta a takarda. Masinjan sashenmu kuwa mota biyu yake hawa kafin ya iso aiki, ana kuma yankar masa kashi 2.5 cikin 100 don asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, bai taɓa ganin ko bulo ɗaya ba. Duk da haka a ɗakin shan shayi na ji abokan aiki, masu irin gidana, suna bayani da hujjoji cewa tallafi na kashe zuciyar talaka. Lateef Jakande, lokacin da ya yi gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, ya ɗauki abin a matsayin aiki ɗaya: ya gina rukunin gidaje masu rahusa a wurare irin su Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan, ya kuma gina ajujuwa birjik har aka daina karatun safe da na yamma. An yi ta yi wa ajujuwan ba'a saboda rashin kyan gini. Ban ji waɗanda suka yi karatu a cikinsu suna wannan ba'ar ba.

Matsalar da baucocin biyu suka yi tarayya a kai ita ce, takarda ba ta buɗe ƙofa sai na ciki ya yarda. Makarantar kuɗi mai suna tana iya cewa ba gurbi, ko ta sa kuɗin da ya ninka baucar. Dokar tarayya ba ta tilasta wa mai gida ya karɓi ɗan Sashe na 8 ba, sai a jihohi da biranen da suka yi tasu dokar. Akan ba mutum wa'adi, mafi ƙaranci kwana 60, ya samo gida, da yawa kuma sukan mayar da takardar ba su samu ba, bayan sun yi shekaru suna jiranta. Unguwannin da makarantunsu suka fi kyau sau da yawa sun yi dokar gini da ta hana komai sai gidan iyali ɗaya a fili mai faɗi, saboda haka gidan hayar ma babu shi balle a nema. Irin wannan doka akwai ta a unguwannin masu zaɓen Republican, akwai ta kuma a na masu zaɓen Democrat, waɗanda ke kafa allon maraba da kowa a ƙofar gida.

A cikin wasan, wakilin ƙungiyar unguwar ya zo da ladabi da murmushi ya ce za su sayi gidan da riba, in dai iyalin za su fasa tarewa. Sun ƙi, labule kuma ya sauka suna kwasar kaya. Marubuciyar ba ta nuna abin da suka tarar ba, amma ta san shi. Mahaifinta, Carl Hansberry, dillalin gidaje ne mai hali, ba ya bukatar baucar kowa. A 1937 ya sayi gida a wata unguwar Shikago da mazaunanta suka yi yarjejeniyar ba za a sayar wa baƙar fata ba. Taron mutane ya kewaye gidan, aka wurgo dunƙulen kankare ta taga, saura ƙiris ya sami Lorraine, tana 'yar shekara bakwai zuwa takwas. Mahaifiyarta ta riƙa kwana tana zagaya gidan da bindiga a hannu. Kotunan jihar suka ce su tashi. A 1940 Kotun Ƙoli ta ba mahaifin gaskiya, amma a kan wata ƙa'ida ta shari'a, ba ta taɓa ita yarjejeniyar ba, sai a 1948 aka hana kotuna tilasta irinta. A 2010 hukumar birnin Shikago ta sa gidan a cikin jerin gine-ginen tarihi.